Ɗana Ya Ce Allah Masu Kuɗi Yake So, Saboda Ban Saya Masa Wayar Kirsimeti Ba

Anti, barka da aiki, Ubangiji ya ƙara basira. Ni uwa ce mai yara uku. Asalinmu 'yan Kudancin Kaduna ne, amma mun daɗe a Legas. Muna zaune a Ketu, ina sayar da tumatir da attarugu a Mile 12. Maigidana gadi yake yi a wani rukunin gidaje a Lekki, sai bayan mako biyu yake leƙo gida. Bara, ana saura kwana uku Kirsimeti, ya tafi da babban ɗanmu wurin aikinsa ya kwana biyu. Yaron ya ga itacen Kirsimeti a falon masu gidan da kwalayen kyauta jibge a gindinsa, ya ga sa'anninsa kowa da wayarsa. Tun daga nan bai dawo daidai ba. Bana shekararsa 11. Tun watan Nuwamba ya rubuta abin da yake so a takarda: waya, kambas mai tsada, rigar ƙwallo. Ko addu'ar dare aka ba shi, wannan lissafin yake jera wa Allah. Da na ce masa babu kuɗin waya, sai ya ce: "To Mama, me muke zuwa yi coci? Ai Allah masu kuɗi yake so." Anti, sai da gwiwata ta yi sanyi. Ƙannensa ma sun fara kwaikwayonsa. Babansu ya ce zai ci bashi a irin manhajar nan ta waya ya saya masa. Ni kuwa na ce bana ko ɗinki ba za a yi wa kowa ba, ya koyi hankali. Yau kwana huɗu ba ma magana mai daɗi da maigidan. Ina mafita?

Maman yara uku, Ketu

Ƙanwata, sannu da fama. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin in ɗauki biro. Zan faɗa miki tun farko cewa ban goyi bayan maigidanki ba, ke ma ban goyi bayanki ba. Shi ya kauce ta dama, ke kin kauce ta hagu. Amma bari mu ajiye ku biyun tukuna, mu tsaya kan maganar da ta fito daga bakin yaron, don ita ce ta fi komai nauyi a wasiƙar nan.

"Allah masu kuɗi yake so." Yaro ɗan shekara 11 bai ƙago wannan magana a falon Lekki ba. A can kaya kawai ya gani. Fassarar abin da ya gani, a wurinmu ya samo ta. Ki tuna lokacin shaida a sujadar Lahadi. Wannan ya tashi ya ce a taya shi yabon Ubangiji, ya sayi mota. Wancan bizarsa ta fito. Wata ta tare a sabon gida. Ikilisiya ta ɗauki tafi da guɗa. Yaushe rabonki da jin wani ya tashi ya ce Allah ya cire masa zafin rai, ko ya ba ta ikon gafarta wa facalarta? Idan ma an faɗa, tafin bai kai rabin na mota ba. Sannan ki ɗaga kai a titin Ikorodu daga Ketu zuwa Ojota cikin watan Disamba, ki ga allunan taron addu'a, kowanne yana alkawarin buɗi kafin shekara ta fita. Yaron yana gani, yana ji, yana haɗa lissafi: wanda Allah ke so yana ba shi kaya, mu ba a ba mu ba, ke nan ba a son mu. Lissafinsa bai ɓaci ba. Ƙa'idar da muka ɗora shi a kai ce gurguwa.

Saboda haka kada ki ɗauke shi a matsayin mai saɓo, kada kuma ki bari wani ya zane shi a kan wannan magana. Tambaya ya yi, kuma ba shi ne farau ba. Ki buɗe Zabura 73. Asaf, mawaƙin sujada ne sukutum, amma ya faɗa da bakinsa cewa ƙafarsa ta kusa zamewa da ya ga masu girman kai suna ta bunƙasa, har ya yi tunanin a banza ya tsabtace zuciyarsa. Idan aka bar wa babban mutum irin wannan wuri a cikin Littafi Mai Tsarki, ɗanki ma yana da wurin faɗar tasa a gabanki. Ki gode Allah da ya furta. Wanda ya haɗiye irin wannan tunani ya yi shiru, shi ne za ki wayi gari yana da shekara 17 ya daina zuwa coci ba ki san dalili ba.

Akwai wani abu kuma da ba ki rubuta ba, amma ina jin ƙamshinsa a tsakanin layukan. A kwana biyun nan, ba kwalaye kaɗai yaron ya gani ba. Ya ga babansa a bakin aiki. Ya ga mutumin da idan ya yi gyaran murya a Ketu gida ke yin tsit, yana rugawa da gudu ya buɗe ƙofa don an danna masa hon. Wataƙila ya ji yaro sa'ansa ya ƙwala masa kira da "aboki" ko "malam", irin kiran nan na Legas da duk ɗan Arewa ya san ɗacinsa, ko Musulmi ne ko Kirista. Wannan ya fi rashin waya ciwo. Kuma ina kyautata zaton maigidanki ya lura da idon ɗansa a ranar. Shi ya sa yake son cin bashi. Ba waya yake son saya ba, mutuncinsa yake son fanso a idon yaro. Idan kin fahimci wannan, muryarki za ta sauka idan kin zo yi masa magana.

Sai dai mutunci ba ya sayuwa da bashin manhaja. Kin san yadda masu irin wannan bashi suke. Ruwan yana da yawa, wa'adin gajere ne, kuma wasunsu idan ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa jama'a saƙon cin mutunci, har fasto da surukai. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta sha kokawa da su a kan haka. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta yanka wa ma'aikatanta a 2024 naira 85,000 ne, kuma ba kowane maigadi da ke hannun kamfani ke ganin haka ba. Daga ciki za a fitar da haya, da kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga kuɗin makaranta yana jira a makon farko ko na biyu na Janairu. A saya waya ranar 24 ga Disamba, a kori yaro daga aji a Janairu, wace riba aka ci? Kuma yaron zai koyi darasi mafi muni: idan ka yi wa Allah da iyaye gori, sai a biya ka. Baɗi abin da zai nema ya fi waya. A garin da yara ke ganin samarin yahu suna wucewa cikin manyan motoci ana yi musu kirari, wanda ya yarda cewa darajar mutum a kayansa take, ba shi da wuyar ja.

Yanzu ke. Kin ce ko ɗinki ba za a yi ba. Ƙanwata, me ƙannensa suka yi? Kuma me zai shiga kan yaron ranar 25 ga wata, idan ya shiga coci da tsohuwar riga yana kallon kowa cikin sabon kaya? Zai ce ai ga shi, abin da na faɗa ya tabbata, har uwata ta sa hannu. Hana kaya don horo da ba da kaya don lallashi, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu suna gaya wa yaro cewa ƙauna a cikin leda take zuwa, idan an ji daɗinka a miƙo, idan an yi fushi a janye.

Wannan ba a littafi na fara koyonsa ba, a jikina na ji. Lokacin da babban ɗana yake aji huɗu na firamare, na yi masa alkawarin keke idan ya zo na ɗaya a gasar haddar ayoyi ta makarantar Lahadi. Ya haddace kuwa, ya ci, na sayi keken ina ta alfahari. Bayan wata biyu na ce ya karanta mana Zabura a addu'ar safe, sai ya dube ni ya ce, "Me za a ba ni?" Ban iya ko tsawata masa ba, don ni na buɗe kasuwar. Sai da muka yi shekaru muna rufe ta. Daga baya na ga masana ma sun bi diddigin abin. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Marsha Richins da Lan Chaplin, sun wallafa a 2015 cewa yaran da iyayensu ke amfani da kaya wajen saka musu ko hukunta su sun fi zama manya masu auna kansu da sauran mutane da abin hannu. Kafin su, a 2002, Tim Kasser da Kennon Sheldon sun tambayi mutane yadda Kirsimetinsu ta kasance, suka tarar waɗanda lokacinsu ya fi tafiya wurin iyali da ibada sun fi jin daɗin bikin a kan waɗanda kashe kuɗi da karɓar kyauta suka mamaye nasu. Kakata ba ta yi boko ba amma ta san wannan.

Ni ba na cikin masu cewa sabon kaya a Kirsimeti zunubi ne. Da shi muka tashi, kamar yadda maƙwabtanmu suka tashi da kayan Sallah. Ina tuna daren 24 a garinmu, muna tsugune a shagon tela har tsakar dare, fitilar ƙwai tana ci, hunturu yana kaɗa mu, shi kuma yana ta taka keke yana cewa saura maɓalli. Atamfa ɗaya ce aka yanka mana mu biyar, mace da namiji. Da safe a saka tabarau na roba da agogon da hannunsa zane ne, ba ya motsi, mu fita muna taƙama kamar mu muka ƙera garin. Amma abin da ya fi zama a raina ba rigar ba ce. Kafin mu ci komai, sai an ɗora mana langa a ka, shinkafa da miya da tsoka biyu a sama, a ce wannan gidan Malam, wannan gidan tsohuwar da ba ta da kowa, wannan gidan mai unguwa. Sai ƙafarmu ta gaji kafin cikinmu ya cika. Ranar Sallah kuma langar ta dawo da tuwo da nama. Yaro yana karɓa a bikin, amma shi ma ɗan aike ne, hannunsa yana miƙa wa wani. Abin da Legas ta ƙwace wa yaranmu ke nan. Mun bar musu karɓa, mun ɗauke musu aike. Ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, talabijin yana ta nuna musu abin da ba su da shi.

To ga abin da nake ganin za ki yi, kuma ki fara da maigidan kafin yaron. Ki jira ya dawo, ya ci abinci, yara sun yi barci. Kada ki fara da bashin. Ki ce masa, "Baban yara, ina ganin abin da yaron nan ya gani a wurin aikinka yana damun ka kamar yadda yake damu na." Ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: shi da kansa ya zauna da ɗansa, namiji da namiji, ya ba shi labarin aikinsa. Ya gaya masa dare nawa yake kwana ido biyu, sauro nawa ya cije shi, me ya sa masu gida ke tafiya ƙasar waje su bar masa makulli hankalinsu kwance. Ya gaya masa cewa kuɗin makarantarsa daga buɗe ƙofar nan yake fitowa, kuma bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Yaro yana jin kunyar aikin ubansa ne idan uban ma yana ɓoye shi.

Daga nan ku kira yaron ku buɗe masa lissafi. Mu Hausawa ba mu saba ba, muna ganin kuɗin gida sirrin manya ne. Amma ɗan shekara 11 da ya iya rubuta jerin buƙatu ya isa ya ga ɗaya shafin. Ku ajiye kuɗin da kuka ware wa bikin a kan tabarma, a zahiri, takarda bisa takarda. Ku ba shi biro. Shinkafa nawa, kaza nawa, ɗinkin mutum uku nawa, baikon coci nawa, kuɗin makarantar Janairu nawa za a ɓoye. Ku ce ya nemo inda waya za ta shiga. Ba don a kunyata shi ba, ku bar shi ya yi ta juyawa har ya gano da kansa. "Babu" da uwa ta faɗa daban take da "babu" da yaro ya ƙirga da yatsunsa. Cikin jerin nasa ku zaɓi guda da aljihu zai ɗauka, ina jin rigar ƙwallon ce, ku je kasuwa tare ya taya da bakinsa. Maganar waya kuma ku ba shi amsa tsayayya, ba "sai mun gani" ba. Ku sa mata lokaci, misali idan ya shiga babbar sakandare, kuma kada ku ɗaura ta a kan jarrabawa ko halin kirki, kada ku faɗa ramin da na faɗa.

Sai tambayarsa ta asali, wadda bai kamata a bar ta a rataye ba. Kada ki yi masa wa'azi. Ki ba shi Littafi ya karanta Luka sura 2 da kansa, da ƙarfi. Kowa ya san an kwantar da jaririn a komin dabbobi don babu wuri a masauki, wannan yara sun haddace shi daga wasan kwaikwayon Kirsimeti har ya daina taɓa su. Ki kai shi gaba, aya ta 24, inda Yusufu da Maryamu suka kai yaron Haikali suka miƙa hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Sannan ki buɗe masa Littafin Firistoci 12:8 ya ga wa aka yarda ya kawo tsuntsaye: matar da ba ta da halin ɗan rago. Ki tambaye shi, "Wane irin gida ke nan Allah ya zaɓa wa Ɗansa?" Ki bar shi ya ba da amsa. Ki ƙara masa da cewa waɗanda aka fara kai wa albishir makiyaya ne da suke kwana a fili suna tsaron garke da dare. Masu gadin dare ne, ƙanwata, abokan aikin babansa. Ina so in ga fuskarsa idan wannan ya shige shi.

Amma ki kula, kada ki juya masa abin ya zama Allah yana ƙin masu kuɗi. Wannan ma ƙarya ce, kuma hassada take haifarwa. Masanan nan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur ba matalauta ba ne, kuma an karɓe su. Yaran Lekki ba su yi masa laifin komai ba.

Addu'ar dare kuma kada ki hana shi roƙo. Ya roƙi wayarsa, Allah ba ya gajiya da jin yara. Ki dai sa doka ga kowa, har ke: kafin a roƙi abu ɗaya, sai an ambaci abu uku na yau da aka gode, kuma sai an roƙa wa wani da ba ɗan gidan ba. Makon farko zai yi ta a gurguje, yana cewa na gode da abinci, na gode da ruwa. Ki ƙyale shi. Baki yana koya wa zuciya a hankali.

Ki kuma dawo da langa. Ke da kike Mile 12 ba sai an nuna miki mai buƙata ba. Yaran nan 'yan dako da ke sauke kwandunan tumatir daga motocin Kano da Jos tun asuba, da yawansu ba su fi ɗanki da shekara huɗu ko biyar ba, a rumfa suke kwana. Ranar Kirsimeti ki ƙara mudu ɗaya a tukunya. Ki bar yaron ya zaɓi mutum uku da za a kai wa, shi zai zuba, shi zai ɗauka, shi zai gaisa ya miƙa da hannu biyu. Ki ja masa kunne cewa ba kallon talauci za shi ba, kuma kada a ɗauki hoton kowa. Gaisuwa ce zai kai, irin ta maƙwabta. Idan akwai Musulmi a gidan hayarku da kuke gaisawa, a fara da su, ki sa a yanka kazar yadda za su ci hankali kwance, kamar yadda iyayenmu suke yi. Ranar 26 ga wata hutu ne, idan da ɗan canji ku hau bas ɗin BRT daga Mile 12 ku tsallaka tsibiri da yamma, ku je titin Ajose Adeogun a Victoria Island inda ake ƙawata hanya da fitilu duk shekara. Kallo ba a biya. Yana da kyau yaro ya saba ganin abu mai kyau ya ji daɗinsa ya koma gida, ba tare da ya ji dole sai ya zama nasa ba.

Wata magana kuma ta Zumuntar Matan coci ce, ki kai ta can idan kin samu fuska. Gasar anko da muke yi a Disamba, da yadda muke duban takalman yaran juna a ƙofar coci, yaran suna ganin idonmu. Ki tambayi kanki abin da kike faɗa a gida idan kin dawo daga sujada. Idan hirar ita ce leshin wance da gwal ɗin wance, to ba Lekki kaɗai ce ta koya masa ba.

Kada ki sa ran ranar 25 zai tashi ya zama wani yaro dabam. Mai yiwuwa ya kumbura baki, ya ce rigar ƙwallon ba ta asali ba ce. Ki bar shi da fushinsa, ki sa masa naman da ya fi so a kwano, ki ɗora masa langar a ka. Telan ku dai ki kai masa ɗinkin cikin makon nan, kin san halinsu idan wata ya raba. Ki sake rubuto mini bayan an koma makaranta, ina son jin yadda zaman uban da ɗan ya kasance.